Yadda Za Ka Shirya Gidanka Kafin Mai Haɗa Dish Ya Zo Sabunta Maka Satalayit

Duk wanda aka ce za a zo a sabunta masa satalayit, sabuwar dikoda ce ke fara faɗo masa a rai: hoto tar-tar, ɗaukar shiri a ajiye, da tashoshin da a da ba ya samu. Alhali a wurin ma'aikacin da zai yi aikin, jona dikoda shi ne ƙaramin abu, bai wuce na minti goma ba. Abin da ke cinye masa yini, ko ya sa ya tattara kayansa ya ce sai wata rana, bai wuce abu uku ba: tsohon kebul ɗin da ke bin bango, wurin da dish zai zauna, da hanyar da zai bi ya kai ga wurin. Dukkansu kuwa mai gida na iya duba su kwana biyu ko uku kafin ranar, ba sai ya hau rufi ba.

Fara da tambayar abin da za a canja

Kalmar "sabuntawa" tana da faɗi. Wani dikoda kaɗai za a canja masa. Wani har da LNB, wato ɗan kan nan da ke maƙale a hannun dish yana kallon tsakiyar farantin. Wani kuma dish ɗin gaba ɗaya za a sauke, ko a juya shi ya kalli wani tauraron ɗan'adam daban. Shirin kowanne daban ne, don haka ka kira kamfanin ko ma'aikacin ka tambaye shi: tauraron da ake kallo yanzu za a ci gaba da kallo? Girman dish ɗin da nake da shi ya isa? Sannan tambayar da ta fi kowace muhimmanci: kebul nawa sabuwar dikodar ke buƙata daga dish?

Ga dalilin da ya sa wannan tambayar ta ƙarshe take da nauyi. LNB irin na gama-gari ba ya turo dukkan tashoshi ta kebul ɗaya a lokaci guda. Siginar da ke saukowa a zangon Ku, daga 10.7 zuwa 12.75 GHz, kashi huɗu ake raba ta: ta tsaye da ta kwance, kowace kuma da ɓangaren ƙasa da na sama. Dikoda ce ke gaya wa LNB wanda take so ta cikin kebul ɗin kansa. Ta tura wuta bolt 13 idan ta tsaye take so, bolt 18 idan ta kwance ce, sannan ta ƙara wani sauti na 22 kHz idan ɓangaren sama take nema. Ke nan kebul ɗaya kashi ɗaya kawai yake ɗauke da shi a kowane lokaci. Dikodar da ke ɗaukar wani shiri kana kallon wani, ƙofa biyu gare ta a baya, kowace da nata kebul ɗin har zuwa dish. Idan tsohuwar dikodarka ƙofa ɗaya ce, to ka san za a ja sabon layi, kuma ramin bangon da ake da shi ba lallai ya ɗauki biyu ba.

Wannan ne kuma ya sa ɗan ƙarfen nan mai raba layi biyu, wanda ake amfani da shi a eriyar talabijin, ba ya aiki a nan. Dikoda biyu a layi ɗaya rigima za su yi ta yi, wannan na neman 13 waccan na neman 18, a ƙarshe ɗaya ta rasa rabin tashoshinta. Idan ɗaki biyu ko huɗu kake son a kai wa, LNB mai ƙofa biyu ko huɗu ake sakawa, kowane ɗaki da layinsa. Sai dai akwai tsarin da ake kira Unicable, wanda ke bai wa kowace dikoda nata gurbin a cikin kebul ɗaya. Tsohon tsarin na ɗaukar har takwas, sabon kuma har 32. Idan shi za a saka maka, ka huta da jan layuka, amma dole dukkan dikodojin gidan su zama masu gane shi. Tsohuwar dikodar ɗakin yara da kake son a bari na iya daina aiki ranar da aka canja LNB. Ka faɗi da ita tun a waya.

Tsohon kebul: a nan gizo ke saƙar

Kashe dikoda, ka zare ta daga soket tukuna, domin akwai wuta a kebul ɗin muddin tana jone. Sannan ka kwance kan kebul ɗin daga bayanta, ka kai shi wurin haske. Ƙarfen tsakiya ya kamata ya zama jan ƙarfe mai sheƙi, tsaf, ya ɗan leƙo milimita biyu ko uku daga bakin kan. Idan ka ga ya yi baƙi, ko kore-kore, ko akwai farin gari kamar toka a cikin kan, ruwa ya shiga. Ruwa kuwa ba ya tsayawa inda ya shiga. Bin saƙar wayar da ke ƙarƙashin roba yake yi, mita bayan mita, har ya iso ɗaki. Yanke ƙarshen a sa sabon kai ba ya maganinsa. Kebul ɗin da ya sha ruwa sai canji.

Bi jikin robar ka karanta rubutun da ke kai. RG6 kake so ka gani. Kaurinsa kusan milimita 7 ne, ƙarfen tsakiyarsa kusan milimita ɗaya. Idan RG59 ne, wanda ya fi siranta, ko kuma babu rubutu sam, ka sa a ranka za a canja. Siginar da ke bin kebul daga LNB tana tsakanin 950 da 2150 MHz, kuma iya hawan lambar, iya yawan abin da ke zubewa a hanya. Ko RG6 mai kyau yana asarar kusan dB 30 a mita 100 idan siginar ta kai wajen 2150 MHz, dB 3 kuwa rabin ƙarfi ke nan. Shi ya sa kebul mara kyau ba ya ɗauke dukkan tashoshi lokaci guda. Wasu ne za su riƙa daskarewa, hoto na farfashewa ƙananan murabba'ai, wasu kuma lafiya lau, sai mutum ya ɗora wa dikoda laifin da ba nata ba.

Auna tsawon hanyar, ko da da taku ne, daga inda dish yake zuwa bayan talabijin, ka haɗa da hawa da sauka da kowace kwana. Mita 30 zuwa 40 ba matsala. Idan ya haura 50, gaya wa ma'aikacin tun kafin ya taso, domin ya zo da RG11 mai kauri ko ɗan abin ƙara ƙarfin sigina. Akwai kuma wata matsalar da doguwar hanya ke kawowa. Yawancin kebul mai araha ƙarfen tsakiyarsa baƙin ƙarfe ne aka shafe da jan ƙarfe. Sigina na bin sa ba laifi, amma wutar da ke zuwa LNB raguwa take yi a hanya. Bolt 18 ya bar ɗaki, ya isa sama bai kai 16 ba, LNB ya ɗauka 13 aka turo, sai duk tashoshin kwance su ɓace. Ga doguwar hanya, a nemi mai jan ƙarfe zalla.

Ka ƙirga mahaɗai ma. Duk inda aka taɓa haɗa kebul biyu aka naɗe da salatif, ka yi masa alama. Haka soket ɗin bango na eriya da aka bi ta cikinsa: da yawansu ba a yi su don su wuce 1000 MHz ba, wasu kuma ba sa barin wuta ta wuce. Ma'aikaci ba zai san da su ba in suna bayan kabad ko cikin silin, sai ya ɓata awa guda yana neman inda sigina ke mutuwa.

Inda dish zai kalla

Taurarin da ke watsa talabijin suna can kimanin kilomita 35,786 a saman layin ikwaita, suna zagayawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa suke kamar a tsaye cak. Wanda ke arewa da ikwaita, dish ɗinsa ɓangaren kudu zai fuskanta. Wanda ke kudu da ita, ɓangaren arewa, tare da karkata gabas ko yamma gwargwadon inda tauraron yake. Hanya mafi sauƙi ta gane wajen ita ce duba dish ɗin maƙwabta masu kamfani ɗaya da kai. Akwai kuma manhajojin waya da ke nuna maka gurbin tauraron a sama ta kyamara. Suna da amfani, amma ka nisanci ƙarfe da rufin kwano idan kana gwadawa, domin suna rikita kamfas ɗin wayar.

Wani abu da ke ruɗar mutane: dish ɗin da aka fi sakawa a gidaje, mai hannu daga ƙasa, ba inda fuskarsa ta nuna yake kallo ba. Sama da haka yake kallo, da kusan digiri 22 zuwa 26. Za ka gan shi kamar katangar maƙwabci ya zuba wa ido, alhali ta samanta yake hange. Wannan yakan zama alheri idan abin da ke gaba katanga ce, ya zama sharri idan bakin rufin gidanka ya zazzago a samansa. Inda tauraro ke can ƙololuwa, kamar a ƙasashen da ke kusa da ikwaita, dish ɗin da aka maƙala a bango ƙarƙashin indararo sau da yawa rufin gidan ne ke tare shi, ba wani abu na nesa ba.

Lissafin abin da zai iya tarewa ba shi da wuya idan ka san digirin ɗagowar tauraron a wurinka, wanda manhaja ko ma'aikacin zai gaya maka. A digiri 30, abin da ke nesa da mita 10 bai kamata ya fi dish tsawo da mita 5.8 ba. A digiri 45, tsawon da nisan daidai suke: mita 10 a mita 10. A digiri 60 kuwa har mita 17 ba komai. Ka bar rara, kada ka tsaya a kan iyaka.

Bishiya ta fi gini sharri, don gini ba ya girma. Dish ɗin da aka saka shekara shida da suka wuce yana kallon sarari, yau ƙila ta cikin ganye yake leƙe, jiƙaƙƙen ganye kuma shanye sigina yake yi sosai. Idan akwai reshen da za a sare, a sare shi kafin ranar. Ba aikin mai haɗa dish ba ne. In bishiyar ta maƙwabci ce, ko ginin da ke gaba ana shirin ƙara masa bene, gara a sauya wa dish wuri tun yanzu.

Bango da ƙarfen da zai riƙe shi

Dish mai faɗin santimita 60 hangensa bai wuce faɗin digiri uku ba, mai 90 kuma kusan biyu. Wato da girman dish da tsananin buƙatarsa ta zama daram tare suke tafiya. Gocewar digiri ɗaya, abin da ido ba zai ma gani ba, ta isa ta sa hoto ya riƙa ɗaukewa da an fara yayyafi. Don haka idan za a ƙara girman dish, kada ka ɗauka tsohon ƙarfen zai wadatar. Babban faranti iska ya fi tarewa, nauyin da ke kan noti ya ƙaru.

Daga ƙasa ma za ka iya ganin alamu: jan layin tsatsa da ya gangaro a bango ƙarƙashin ƙarfen, tsagewa a filasta kewaye da noti, ko dish ɗin da ke rawa idan iska ta taso. Bangon da ake so shi ne na kankare ko bulo mai ƙwari, a huda jikin bulon, ba layin simintin da ke tsakani ba, a ɗaure da noti mai buɗewa na milimita 8 ko 10. Bulo mai rami a ciki, katako, da 'yar katangar saman rufi da ba ta da rodi, duk suna buƙatar wata dabara daban, ka faɗa masa irin bangonka tun da wuri. Idan a rufin dakali za a kafa, kada a yarda a huda shimfiɗar da ke hana yoyo. Akwai ƙafar da ake dannewa da bulo ba tare da huji ba. Tsohon rufin asbestos kuwa ba a huda shi ba a taka shi, ƙurarsa cuta ce ga huhu, kuma fashewa yake yi a ƙarƙashin mutum.

Ra'ayinmu a nan: mafi ƙasan wurin da ke ganin tauraro shi ne mafi kyau. Ɗaga dish can ƙololuwar rufi ba ya ƙara sigina ko kaɗan, me mita biyar za ta rage a tafiyar kilomita dubu talatin da biyar? Abin da yake ƙarawa shi ne bugun iska, tsawon kebul, da wahalar gyara.

Hanyar kebul da hujin bango

Kai za ka zauna da kebul ɗin nan shekaru, don haka kai ya kamata ka zaɓi hanyarsa, ba gaggawar ma'aikaci ba. Zagaya gidan ka tsara ta inda zai bi: gefen bututun ruwan sama, ƙarƙashin bakin rufi, layin da ido ba ya yawan kaiwa. Kada ya yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa da wayar wutar gida. In dole su haɗu, su gitta juna su wuce. Kada a lanƙwasa shi kwana mai kaifi, ya zagaya kamar zai zagaye gwangwanin fenti ƙarami, kusan santimita 7 daga tsakiya. Ƙusar riƙe kebul kowane santimita 30 zuwa 40, kuma kada a buga ta har ta matse shi, domin kebul ɗin da ya lotse ya canja hali.

Inda za a huda, duba ciki da waje. Wayar wuta a cikin bango yawanci miƙe take tafiya, sama ko gefe daga soket da makunni, saboda haka a kauce wa waɗannan layukan. Bangon da ke da banɗaki ko kicin a bayansa akwai famfo a ciki. In ka san inda bututu ya bi, zana da alli. Ramin kansa ya gangara zuwa waje, bakin ciki ya ɗan fi na waje tudu, kebul ɗin kuma ya sauko ƙasa da ramin ya yi ɗan lanƙwasa kamar ƙugiya kafin ya hau ya shiga, yadda ruwan da ya biyo shi zai ɗiga a ƙasa. Sai a toshe da silikon. Tambayi ma'aikacin kuma inda zai haɗa layin da wayar ƙasa ta gidan. Ba za ta tare saukar aradu kai tsaye ba, amma tana zubar da wutar da ke taruwa a dish, wadda kan ƙona ƙofar dikoda da ta HDMI, wato inda ake jona dikoda da talabijin.

Bayan talabijin

Janye kabad ɗin da teburin daga bango, a samu wurin da mutum zai durƙusa. Ƙirga soket: talabijin, dikoda, na'urar sauti, rauta, huɗu ke nan. Samo abin jona wuta mai kariya daga hauhawar wuta, ba jerin adafta ɗaya kan ɗaya ba. Dikoda mai ɗaukar shiri zafi take yi ko tana hutawa. Bar mata kamar santimita 10 ta sama da gefe, kada a kulle ta a kabad mara iska, kada a ɗora mata komai.

Idan 4K za a koma, wato ɗigo 3840 a 2160, leƙa bayan talabijin ɗin da tocila. Ana buƙatar ƙofar HDMI 2.0 ko sama, mai HDCP 2.2, wato tsarin hana satar kwafin hoto, kuma a wasu talabijin ƙofa ɗaya ko biyu ne kawai ke da shi, an rubuta a gefenta da ƙananan haruffa. Wasu ma sai an shiga saiti an buɗe wa ƙofar cikakken ƙarfinta. Wayar HDMI ɗin ta zama mai ɗaukar 18 Gbps. Tsohuwa na iya nuna hoto na ɗan lokaci, sannan allo ya riƙa baƙi yana dawowa. In na'urar sauti ce a tsakanin dikoda da talabijin, ita ma sai ta cika sharaɗin, in ba haka ba ita za ta toshe hanyar. Talabijin ɗin da ba 4K ba ne shi ma yana aiki da sabuwar dikoda, sai dai hoton iya ƙarfinsa zai tsaya.

Yawancin sabbin dikodoji suna son intanet. Tsaya daidai inda za a ajiye ta ka gwada ƙarfin Wi-Fi da wayarka. Kallon 4K ta intanet na son kimanin 25 Mbps a wurin, ba a gindin rauta ba. In da hali a ja wayar intanet ta Cat6 daga rauta, tana kai mita 100 ba ta gaji ba, kuma ranar da ake huda bango ita ce ranar da ta fi dacewa a ja ta. Rubuta kalmar sirrin Wi-Fi a takarda.

Shirye-shiryen da ka ɗauka a tsohuwar dikoda galibi a kulle suke da ita, ba sa ƙaura zuwa sabuwa. Kalle su kafin ranar. Ajiye katin, rimot, wayar wuta da lambar asusunka wuri ɗaya, ka tabbata kuɗin wata bai ƙare ba, domin ba a gwada tashar da ke kulle.

Ranar aikin

In haya kake, ko gidan bene ne mai mutane da yawa, karɓi izinin huda bango a rubuce, ka nemo makullin hawa rufi tun jiya. A irin waɗannan gidaje wani lokaci dish ɗaya ne ke raba wa kowa ta akwatin rarrabawa, kuma wannan akwatin ne zai yanke ko sabuwar dikodar za ta yi aiki. Mai kula da ginin ya san irinsa.

Tsani na buƙatar fili: duk mita huɗu na hawa, ƙafarsa ta ja baya mita ɗaya, a ƙasa mai tauri da ba gangara. Kawar da mota, tukwanen fure da igiyar shanya. Ɗaure kare, a janye yara. In wayar wutar da ta shigo gidan ta bi kusa da wurin, nuna masa ita kafin ya ɗaga tsani. Babban mutum mai ikon cewa "huda nan" ko "kada ka huda nan" ya kasance a gida, ya ware awa biyu zuwa huɗu, kuma a tabbata akwai wuta har a gama.

Kafin ya sauke tsani

Dikoda na nuna layi biyu: ƙarfin sigina da ingancinta. Na farko ba ya gaya maka komai sosai, ko dish na kallon bango yana iya cika. Inganci shi ne magana. Ce ya nuna maka abin da na'urarsa ta auna sigina ta karanta, da rarar dB nawa aka samu sama da inda hoto ke yankewa, domin wannan rarar ce ruwan sama zai ci. Wata tsohuwar dabara ita ce a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a fuskar LNB: in hoto bai ɗauke ba, saitin na da rara. Tambaye shi ko ya murɗa LNB ɗin zuwa karkatar da ta dace da wurinku, don sau da yawa nan ake barin sigina a banza.

Buɗe tashoshi daga sassa daban-daban, a samu na tsaye da na kwance, na ƙasa da na sama. Sa ɗaukar wani shiri, ka koma wata tashar. Kunna dikodojin sauran ɗakuna lokaci guda ka ga ko ɗaya na ture ɗaya. Duba kawunan kebul na waje: irin wanda ake matsewa da filaya ta musamman ake so, ba na murɗawa da hannu ba, kuma ko silin waya ɗaya kada ya taɓa ƙarfen tsakiya, don shi kaɗai ya isa ya haɗa wuta ya kashe layin. Ƙofofin LNB da ba a yi amfani da su ba a rufe su. A sa wa kowane kebul alamar ɗakin da ya nufa, a ja layi da fenti a kan ƙarfen daidai inda dish ya tsaya, ka ɗauki hoton allon siginar ka ajiye.

Sau biyu a shekara, wajen watan Maris da kuma Satumba zuwa Oktoba, rana kan bi ta bayan tauraron daidai saitin dish, hoto ya ɗauke na 'yan mintoci a kusan lokaci ɗaya, kwanaki kaɗan a jere. In aikin ya faɗo a irin wannan lokacin kuma ka ga haka da rana tsaka sararin sama garau, duba agogo, ka jira minti goma, kada a taɓa dish ɗin.